Gora da randa: wayar maigida ko akwatin wifi?

A gidan yayana da ke Gidan Rumji, intanet ƙafa gare shi. Da safe in Yaya ya hau babur ya nufi kasuwa, da shi yake tafiya cikin aljihun gaba, kuma sai ya dawo ake sake ganin sa. Hatsi yake saye da sayarwa, da wake da aya. Litinin da Juma'a yana Maraɗi, wata rana Tibiri, in kaka ta yi kuwa har Cadawa da Agye da Gazawa yake kaiwa, wani lokaci ya kwana biyu. Salula bakwai ce a gidan, amma guda ɗaya ce ba ta rabuwa da forfe, wato intanet ɗin da ake saye a layi, ita ce tasa. Shi ya sa bayan sallar isha'i za ka ga yara sun fara kewaya tabarmarsa kamar kaji sun ga mai tsaba, har ƙaramar cikinsu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, a buɗe muna." Sai ya latsa partaj, wayarsa ta koma mai raba wa sauran intanet, gida ya yi tsit na awa ɗaya ko biyu.

Uwargidansa ce ta fara kawo ƙara wurina. Babban ɗanta yana aiki a Agadas, yakan aiko saƙon murya da hantsi, ita kuma ba ta jin sa sai dare. Ran da ya turo kuɗin magani, lambar karɓar kuɗin kwana biyu ta yi a WhatsApp ba wanda ya gani, don maigida yana Gazawa. Ga ɗiyarta mai shirin jarrabawar bak, ƴan ajinsu na musayar darussa ta waya da rana, ita sai dare take bin sawu. "Kai da ka yi lakkwal," in ji ta, "ba wata dabara sai mun jira mutum ya dawo daga kasuwa?" Da na shiga Maraɗi sai na sayo akwatin wifi, irin wanda ake sa wa layi, wanda masu shago ke kira boks. Tun ranar nake cikin shari'a tsakanin miji da mata: shi yana cewa na kawo masa abin cin kuɗi, ita tana cewa na fitar da su daga kurkuku. Na daɗe ina auna maganganun biyu, kuma kowannensu na da abin kamawa.

Yaron shagon da ya sayar mini ya rantse cewa boks rezonsa daban, ya fi na waya ƙarfi. Wannan zancen ciniki ne. Rijiya ɗaya suke ɗiba. Waya gora ce da matafiyi ke ratayawa, akwati kuma randa ce da ke zaune a tsakar gida, amma duk ruwan daga dogon ƙarfen rezon da ke bakin gari yake fitowa. A Turai da Amurka, na'urar wifi ta gida igiya ake jawo mata daga titi ta ratsa bango. Mu nan igiyar tarho ba ta taɓa shiga yawancin gidaje ba, mun tsallake ta mun faɗa salula kai tsaye tun da Celtel ya fara aiki a 2001. Celtel ɗin ne ya zama Zain, ya zama Airtel a 2010, kuma shi ya fara kawo 4G ƙasar a 2019. Akwai Moov Africa, akwai Zamani Telecom da ya gaji Orange bayan an sayar da shi a ƙarshen 2019, akwai kuma Niger Telecom da aka samar a 2016 daga haɗe Sonitel da SahelCom. Ko wane daga cikinsu ka zaɓa, layin da za ka sa a akwati ɗan'uwan wanda ke cikin wayarka ne. In ƙarfen unguwarku ya cika da jama'a bayan magariba, ko wutarsa ta ɗauke, ko kuma 4G ɗin bai iso ƙauyenku ba, akwati mai tsadar duniya ba zai haƙa maka sabuwar rijiya ba.

To, da me akwati ya fi waya, tunda ruwan ɗaya ne? Da zama wuri ɗaya. Abin kamar wasa, amma nan ne rabin amfaninsa yake. Eriyar waya ƴar mitsitsiya ce, an cusa ta cikin jikin da ake riƙewa da hannu, ake sakawa aljihu, ake ajiyewa ƙarƙashin matashi. Eriyar akwati ta fi girma, kuma za ka iya nema mata wurin da rezo ya fi sauka a duk gidan ka bar ta can. Gidajenmu ba abokan rezo ba ne. Bangon laka mai kauri yana shanye shi, musamman da damina in ya jiƙe, rufin kwano kuma yana mayar da shi inda ya fito. Ɗakin uwargida ya haɗa biyun, shi ya sa ko kiran waya sai ta fito tsakar gida.

Ranar da na kai akwatin, Yaya cewa ya yi a sa shi a ɗakinsa, kan kabad, kusa da rediyo, a rufe shi da ɗan ƙyalle saboda ƙura. Na gane dalilinsa, abu mai tsada ba a barin sa inda hannun yara ke kaiwa. Amma da muka kunna, fitilar rezo ɗaya ce ta kama. Sai na ɗauki wayata mai layin kamfani ɗaya da na akwatin, na bi gidan kusurwa-kusurwa. Sandunan da ke saman fuskar waya ba abin dogaro ba ne sosai, kowane kamfanin waya da yadda yake lissafa nasa. Cikin saitin waya akwai lamba mai alamar ragi a gaba, ita ce ma'aunin gaskiya: in ka ga wajen -80 to rezo ya sauka da kyau, in ta kai -110 ana fama ne kawai. Wurin da ya yi nasara shi ne ƴar tagar ɗakin ajiyar buhuna, wadda ke kallon gudron Maraɗi zuwa Ƙonni, can sama kusa da rufi. Muka kafa katako, muka ɗora akwatin, fitilu suka cika. Tsakanin kabad ɗin Yaya da tagar nan bai fi taku goma sha biyu ba. Mutanen ƙauyukan da ke nesa da gudron, wajen Gidan Sori ko cikin ƙasar Cadakori, wasunsu ko taga ba za ta ishe su ba. Su sai su nemi akwati mai ramukan eriyar waje a bayansa, a ɗaura eriyar a kan dogon ƙarfe kamar ta talabijin, a juya fuskarta wajen da rezo ke zuwa. Waya ba ta da wannan gata. Sai dai duk wanda ya kafa ƙarfe sama da rufinsa, ya riƙa zare igiyar in hadari ya haɗu, don aradu ba ta san kuɗin da aka kashe ba.

Akwai wani ruɗani da na sha warwarewa a gidan. Tafiya biyu intanet ke yi kafin ya iso hannunka: daga ƙarfen rezo zuwa akwati, sannan daga akwati zuwa wayarka. Alamar wifi da ke kama da mafici tana ba da labarin tafiya ta biyu ce kawai. Sai ka ga ta cika fal amma ko hoto ya ƙi buɗewa, yara su ce akwati ya lalace, alhali forfe ne ya ƙare ko rezon gari ne ya faɗi. Tafiya ta biyun ma tana da nata sha'ani. Akwatuna da yawa na yanzu suna fitar da wifi iri biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Mai 5 ya fi gudu, amma bango ɗaya na laka ya isa ya karya shi. Mai 2.4 ba ya sauri kamarsa, sai dai yana ratsa bango ya kai nesa, kuma tsofaffin wayoyi shi kaɗai suka sani. A gidan da ke da sassa da zaure da tsakar gida mai faɗi, 2.4 ne jakin da zai kai kaya. Tunda saurin da rezon gari ke bayarwa bai kai abin da 2.4 ke iya ɗauka ba a mafi yawan lokuta, wanda ya ƙara kuɗi don kawai a ce akwatinsa na da 5 ya sayi doki ne ya ɗaure a turke.

Sai maganar kuran, wato wutar lantarki, inda waya ke rama abin da aka ci ta. Wutar Nigelec da Maraɗi da Damagaram ke sha, babban kasonta daga Najeriya yake shigowa, ta layin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka a tashar Gazawa kafin a raba shi gabas da yamma. Kowa ya tuna abin da ya faru a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da Najeriya ta yanke wutar, ba a maido ta ba sai Maris na 2024. Ko ba rikicin siyasa, bazara na zuwa da nata ɗauke-ɗauken. Waya da batirinta take yawo, in ya yi ƙasa a kai wa mai caji a ba shi ƴan daloli. Akwati kuwa kuran na ɗaukewa yake mutuwa, in ya dawo kuma sai ya ɗauki minti ɗaya ko biyu yana laluben rezo. Makon farko a gidan Yaya, duk lokacin da aka fi bukatarsa a mace yake.

Maganin bai yi wuya ba da muka duba bayan akwatin. An rubuta volt 12, kuma cinsa bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ba, wajen wat 10. Ko ya kwana ya wuni a kunne, lissafin bai wuce wat-awa 240 ba. Gidan da ma akwai faifan sola da batir mai volt 12 da ake kunna fitilu da fanka, sai wani mai gyaran rediyo ya haɗa mana igiya daga batirin kai tsaye, ya sa mata fis. Tun ranar akwatin bai san an ɗauke wuta ba. Amma a karanta rubutun kafin a haɗa, don akwai masu volt 9, akwai masu 5, kuma in aka juya jar igiya da baƙa, hayaƙi ɗaya ne zance ya ƙare. Gidan da ba sola ba kuran, gaskiya akwati bai zama nasa ba tukuna.

Ita ma waya ba kyauta take wannan aiki ba. Partaj na sa ta yi aiki biyu a lokaci guda, tana ja daga ƙarfen rezo tana rabawa, sai ta ɗau zafi. Haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ta kuma a jone tana caji, to batir na tsufa da wuri, wani ma ya kumbura ya ɗaga murfi. Yaya ya canza batir sau biyu, yana zagin masu kawo jabu, bai taɓa zargin tabarmar bayan isha'i ba. Ga kuma kira: a wayoyi da yawa, da zarar an kira maigida, wayar kan sauka daga 4G don ta amsa, intanet ɗin kowa ya tsaya cak har a gama cinikin buhun wake, kuma cinikin Yaya ba ya ƙarewa da wuri. Akwai ɗan ƙaramin akwati na aljihu mai batirinsa, wanda ya tsaya tsakanin biyun. Yana da amfani ga ma'aikacin da ke yawo da kwamfuta, amma a gidan iyali ƙarshensa aljihun wani yake komawa, a dawo gidan jiya.

Yanzu ga inda Yaya ya kusa cin shari'a. Forfen wata guda muka sa wa akwatin, babba, wanda na lissafa zai kai mu ƙarshen wata har da saura. Kwana tara ya yi. Da na zo, ban ko gama sallama ba Yaya ya ce, "To, Malam mai boko, randarka ta huje." Yara suka rantse ba su kalli abin da ya wuce na da ba, kuma ban ce ƙarya suke yi ba gaba ɗaya.

Dalilin yana cikin yadda aka gina wayoyin kansu. Masu ƙera su sun ɗauka duk inda aka ce wifi, to intanet ne marar iyaka irin na gidajen Turai. Saboda haka waya na tara ayyukanta masu nauyi tana jiran ranar da za ta ga wifi: sabunta manhajoji, kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google, sauke duk wani bidiyon wa'azi da na biki da aka turo a zaurukan WhatsApp ko ba a buɗe ba. YouTube ma in ya ga hanya ta buɗe sai ya ƙara wa hoto tsabta, kuma bidiyo mai tsabta sosai na iya cin jiga 1 ko fiye cikin awa guda, alhali saƙon murya na minti ɗaya ko mega 1 ba ya kaiwa. Abin mamakin, in wayar Android ce ke raba wa wata Android, takan sanar da ita cewa ruwan nan na saye ne, sai ta kama kanta. Akwati ba ya yin wannan gargaɗi. Wayoyi bakwai da suka yi shekara suna azumi, rana ɗaya aka kai su gidan biki.

Gyaran sai da na bi waya ɗaya-ɗaya. A saitin wifi na kowace akwai inda ake gaya mata cewa wannan haɗin mai awo ne. Na kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, na hana manhajoji sabunta kansu sai an ba su izini, na rage tsabtar YouTube. A cikin akwatin kuma akwai inda ake rubuta yawan jigar da aka saya, ya riƙa nuna abin da ya rage. Wata na biyu forfen ya kai kwana ashirin da shida. Bai cika wata ba, kuma ban yi wa Yaya alkawarin zai taɓa cikawa ba.

Ko bayan gyaran, akwai gaskiyar da ba ta gyaruwa da saiti. Babban forfe na wata ya fi araha in aka raba kuɗin da yawan mega, kamar yadda buhu ya fi tiya sauƙi. Amma buhu sai mai kuɗi a dunƙule. Mutumin da samunsa na yini ne, forfen yini ne daidai da shi: yau akwai ya saya, gobe babu ya haƙura, ba wanda ya sani. Akwati kuwa in ya zauna ba forfe, duk gida sun san maigida ya gaza, fitilarsa ma ja take komawa kamar mai tona asiri. Da kaka Yaya ba ya jin nauyinsa. Watannin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki ga na noma, nan ne yake tuna mini cewa da can ba ya biyan wannan haraji. Waya kuma tana da wata dabara da akwati ba shi da ita, wato layi biyu. In wannan kamfani ya yi rauni yau a juya wancan, in wancan ya saki garaɓasar dare a bi shi. Akwati layi ɗaya yake ɗauka, kuma da yawa daga waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu a kulle suke, ba sa karɓar layin kowa sai na mai su.

Wani abokin cinikin Yaya ya sayo nasa a Katsina, ya shigo da shi ta Jibiya da Ɗan Isa yana murna ya samu araha saboda faɗuwar naira. Da ya iso, kan filogin mai ƙafa uku ne irin na Ingila, ramukan bangonmu kuwa masu zagaye biyu ne irin na Faransa. Wannan ƙaramar matsala ce, adafta ta warware ta. Babbar ita ce akwatin ya ƙi layin Nijar sam. Sai da ya kai shi wurin masu buɗewa a Maraɗi, abin da ya biya ya cinye ribar arahar. Mutanen kudancin Gidan Rumji, masu iyaka da ƙasar Sabon Birni, su kuma tasu damuwar daban ce: rezon ƙasashen biyu na tsallaka iyaka ba fasfo. An ga haka a Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, mutanen bakin iyaka suka koma neman rezon Nijar. Haka na can ma ke shigowa nan. Mai waya yana gani in sunan kamfani ya canza a fuskarta. Akwati da ke can saman taga ba mai duba shi, don haka a shiga saitinsa a kashe yawon ƙetare, a kafe shi kan kamfaninsa.

Sai kod, wato lambar sirrin shiga wifi. A nan ne na ga abin da ban yi tsammani ba. Bayan katangar gidan akwai fada, samari na dafa shayi har tsakar dare. Kafin akwati ya zo, benci uku ne a wurin. Bayan sati biyu sai na ga an matso da su jikin bangon ɗakin buhuna. Na buɗe shafin akwatin, wanda ake shiga ta hanyar rubuta lambar da ke manne a ƙarƙashinsa, irin su 192.168.8.1 ko 192.168.1.1, na duba jerin wayoyin da ke haɗe. Goma sha tara. Ba wanda ya fasa komai. Tun daga Android 10 waya na iya nuna kod ɗin wifi a matsayin ɗan hoton nan mai murabba'i, aboki ya ɗauka da kyamara ya shige, shi ma ya ba wani. Ɗan Yaya na tsakiya ya ba amininsa ɗaya, amini kuma yana da nasa aminan.

Abin da na yi na farko shi ne abin da ya kamata in yi tun ranar da na kawo shi. Akwati na da makulli biyu, mutane ɗaya suka sani. Akwai kod ɗin wifi, akwai kuma kalmar shiga shafin saiti, wadda a akwatuna da yawa take zuwa a matsayin admin, kowane yaro mai wayo ya san haka. In ba ka canza ta ba, ka kulle ƙofa ne ka rataye makullin a jikinta. Na canza duka biyun. Na tabbatar tsaron yana kan WPA2, don tsohon nan WEP an daɗe da karya shi. Na kashe maɓallin WPS da ke shigar da waya ba tare da kod ba. Sannan na sa akwatin ya karɓi wayoyin gidan kawai, bakwai ɗin nan, ko da wani ya samu kod.

Saiti ya ƙare a minti goma. Abin da ya biyo baya ya fi shi wuya, don a garinmu ba a hana maƙwabci wuta ko ruwa, kuma mutane sun fara sa wifi cikin wannan sahu. Lokacin partaj Yaya na da mafita mai mutunci: caji ya ƙare, ko zan fita. Akwati ba ya fita, cajinsa ba ya ƙarewa, sunansa kuma yana bayyana a wayar duk wanda ya wuce ta lungun. Wani dattijo maƙwabci ya aiko jikansa da gaisuwa, da roƙon a sa masa don ya riƙa jin ɗansa da ke Libiya. Wa zai ce a'a? Daga baya muka buɗe wifi na biyu, na baƙi, wanda akwatuna da yawa ke da shi, da kod ɗinsa daban da ake canzawa duk Juma'a. Dattijo ya samu, samarin fada suka mayar da bencinsu inda yake, biyu daga cikinsu sun yi wata ba su gaishe ni ba.

Yaya ya kawo wata hujja da ban iya turewa ba. Ya ce da can a gabansa ake komai, yana ganin fuskar kowa, in ya kashe an gama. Yanzu yaro na cikin ɗaki ƙarfe biyun dare, bai san abin da yake kallo ba. Akwatin zai gaya maka wace waya ce ta haɗu da yawan abin da ta sha, amma ba zai gaya maka abin da ta gani ba. Mun sasanta a kan makunni: igiyar batir ta bi ta ɗakin Yaya, ƙarfe goma sha ɗaya yana kashewa, da asuba in ya tashi alwala ya kunna. Na lura tun da makunnin ya koma hannunsa ya rage kiran akwatin abin cin kuɗi.

Duk da haka, in aka ce in faɗi wanda ya fi cin moriya, ba yaran ba ne. Matan gidan ne, su da ba sa zuwa fada, ba sa zama bakin tasha inda ake samun mai raba intanet. Uwargida na yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yanzu da hantsi take tura wa masu saye na Maraɗi saƙo, kafin azahar ta san yawan da za ta ba direba. Amarya na ɗinki, tana karɓar hoton samfuri daga masu kawo aiki. Ɗan Agadas na kira da bidiyo ranar Juma'a bayan masallaci, uwarsa ta ga ko ya rame. Wannan duka ba ya shiga lissafin jiga da Yaya ke yi, don lokacin da ake yin sa shi yana kasuwa.

Za a ce ina Starlink? Shi kam ya zo da rijiyarsa daban, daga taurarin ɗan'adam yake ɗiba, bai damu da ƙarfen bakin gari ba. Najeriya ya fara shiga a Afirka, a Janairun 2023. Nijar ta sa hannu da kamfanin a Oktoban 2024, aiki ya fara a Maris na 2025. Amma kayansa jaka ɗaruruwa ne, ga biyan wata-wata, kuma farantinsa na cin wuta ninkin akwatin layi sau da yawa, sai an ƙara faifan sola da batir. Ya dace da ofishi, da gidan likita na karkara, da masu sayar da tikitin wifi na awa-awa. Gida mai salula bakwai da ke cikin garin da 4G ke sauka bai kai nan ba.

Hukuncina dai ga shi. Gwauro, da ɗalibi, da ma'auratan da wayarsu ɗaya ko biyu, da duk gidan da ba shi da batirin sola, su riƙe partaj, sayen akwati a wurinsu ɓarnar kuɗi ce. Gidan da mutum huɗu ko fiye ke bukatar intanet da rana alhali mai forfe ba ya wuni a gida, akwati ya fi, da sharaɗin a samu mutum ɗaya da zai riƙe kod da lissafin jiga kamar yadda ake riƙe makullin rumbu. Kada kuma a yaudari kai cewa kuɗi za su ragu. Yaya har gobe yana sayen ɗan forfensa na tafiya, don randa ba ta bin mutum Gazawa, wato yanzu biyu yake biya.

Mai niyyar saye, kafin ka je Maraɗi ka ari layukan kamfanoni biyu ko uku ka gwada su a tsakar gidanka da misalin ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ke kan rezo. Wanda ya yi nasara, shi za ka tafi da shi shago, a sa shi cikin akwatin a gabanka, ka ga shafi ya buɗe a wayarka, sannan ka ciro kuɗi.